Baƙaƙen da Ingilishi ya yar: «þ», «ð», «ƿ» da «ȝ»

Ɗalibanmu da suka taso da Faransanci sukan ɗauka baƙaƙe 26 na Ingilishi tun fil'azal haka suke. A wannan ɗan nazari za mu nuna cewa harshen ya yi amfani da wasu haruffa huɗu da ya rasa, kuma abin da ya kawar da su ba furuci ba ne.

Haruffan Latin sun shiga Ingila ne ta hannun masu wa'azin Kiristanci, daga zuwan Augustin Canterbury a 597 da kuma malaman Ailan da suka ɓullo ta arewa. Sai aka tarar Latin ba shi da harafin sautukan farko na «thin» da «this», waɗanda suka yi daidai da ث da ذ na Larabci, ba shi kuma da na «w». Marubuta suka ari biyu daga tsohon rubutun da ake sassaƙawa a itace da dutse: «þ», mai suna «thorn», wato ƙaya, da «ƿ», mai suna «wynn», wato murna. Na uku, «ð», ba komai ba ne illa «d» da aka gitta wa sanda. Abin lura, «þ» da «ð» ba su raba aiki ba: marubuci na iya sa ko wanne a kalma ɗaya.

Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, ɗabi'un rubutu na Faransa suka yi rinjaye. Wajen 1300 «ð» ya ɓace, «ƿ» kuma ya bar wa «uu» wurinsa, abin da ya sa har yau sunan «w» a Ingilishi ke nufin «u» biyu, a Faransanci kuwa «v» biyu.

Labarin «þ» ya fi tsawo. Tun ƙarni na 14 «th» ya soma cin gonarsa, kuma a hannun marubuta da yawa siffarsa ta koma kamar «y». Da William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, sana'ar da kayanta daga nahiyar Turai suka zo, inda ba a san wannan harafi ba. Masu ɗab'i suka riƙa sa «y» a madadinsa, «the» ya fito «ye». Masu karanta «ye olde» a allunan shaguna da sautin «y» suna furta abin da ba a taɓa faɗa ba. Sau da yawa akan ɗora wa maɗaba'a laifin duka. A ganinmu ta tarar da harafin yana jinya ne, ta ƙarasa shi. Islandanci kuwa yana da «þ» da «ð» har yanzu.

Shi kuwa «ȝ», mai suna «yogh», «gh» ya gaje shi a kalmomi irin «night», inda dā ake furta sautin da ke cikin «Nacht» na Jamusanci. A Sikotland masu ɗab'i suka musanya shi da «z». Sunan Menzies ya riƙe tsohon furucinsa, «Mingis», amma a Mackenzie rubutu ya rinjayi baki, mutane suka koma furta «z».

Wannan misali na ƙarshe shi ya fi damun mu. Duk wanda ya bugi Hausa da keken rubutu na Faransanci ya san yadda ake ƙara wa «ɓ», «ɗ», «ƙ» da «ƴ» ƙugiya da biro bayan an gama, ko a bar su haka nan, «ƙafa» ta zama «kafa», «ɗaki» ya zama «daki». Yau huɗun duk suna cikin Unicode, amma allon bugawa na AZERTY ba shi da su, kuma galibin saƙonnin da ɗalibanmu ke aikawa ta salula babu ƙugiya ko ɗaya a cikinsu.