Rana a Samanmu, Wuta a Hannun Maƙwabci: Nazari a kan Siyasar Makamashi a Jamhuriyar Nijar

A farkon watan Agusta na shekarar 2023, kwanaki kaɗan bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Shugaba Bazum a Yamai ranar 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, bisa zartar da hukuncin takunkumin ƙungiyar ECOWAS. Da yake a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin lantarki na ƙasa, NIGELEC, ke rabawa daga Nijeriya take fitowa, sai aka wayi gari manyan birane, tun daga Yamai da Doso har Maraɗi da Damagaram, sun koma karɓar wuta ta 'yan sa'o'i bi da bi, masu sayar da ƙanƙara da masu walda da teloli suka zauna jugum, asibitoci kuma suka dogara ga janareta da man da kullum kuɗinsa ke hawa. Ba a maido da wutar ba sai a watan Maris na 2024. Abin da ya cancanci mai hankali ya tsaya ya yi tadabburi a kansa shi ne cewa wannan musiba ta auka wa ƙasar da Allah Ya hore wa hasken rana irin wanda ƙasashe kaɗan ne a duniya suka samu, wadda kuma ta riga mafi yawan ƙasashen Afirka fara binciken yadda za a ci moriyarsa.

Wannan magana ta ƙarshe ba kuri ba ce. A Tasawa aka haifi Abdu Mumuni a shekarar 1929. Ya yi zurfi a ilmin kimiyyar lissafi da ɗabi'ar abubuwa a Faransa, sa'an nan, maimakon ya zauna can inda daraja da albashi suke jiransa, ya komo Afirka, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako, daga bisani a 1969 ya karɓi ragamar ofishin makamashin rana na ONERSOL a Yamai, ya riƙe shi har tsakiyar shekarun 1980. A ƙarƙashinsa aka ƙera tukwanen ɗumama ruwa da na tace shi da murhunan dafuwa masu aiki da zafin rana, aka kuma yi gwajin injin da zafin rana ke juyawa. Ra'ayinsa, wanda ya shimfiɗa tun a littafinsa na 1964 a kan ilmi a Afirka, shi ne cewa al'ummar da ba ta tarbiyyantar da masu sanin sana'a daga cikin 'ya'yanta ba, ba ta da 'yanci na haƙiƙa ko da tutarta na kaɗawa. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa, wanda kuwa ya cancanta. Amma girmama malami da suna abu ne mai sauƙi, ɗaukar wasiyyarsa shi ne mai nauyi.

To, me ya sa ƙasar ta bar wannan tafarki? Wajibi ne a yi wa magabata adalci. A 1976, lokacin da aka ja layin wuta daga Birnin Kabi zuwa Yamai domin kawo wutar madatsar Kainji, babu wata hanya da ta kai wannan araha, domin farantin sola a wancan zamani tsadarsa ta sa sai jiragen sama-jannati da 'yan ayyuka ƙanana ake yi wa shi, man injin kuwa sai an ɗauko shi a mota daga gaɓar teku, tafiyar fiye da kilomita dubu. Nijeriya ma tana da tata maslaha a ciki, domin kamar yadda jami'anta suka sha faɗa, sayar wa Nijar wuta da rahusa yana rage mata kwaɗayin datse kogin Kwara daga sama, abin da zai rage ruwan Kainji da Jebba. Daga baya aka ƙara wani layin daga Katsina zuwa Gazawa, ya ciyar da Maraɗi da Damagaram. Arewa kuma, wato Agadas da ma'adinan yuraniyom na Arlit, aka bar ta da tashar kwal ta SONICHAR a Anu Araren, wadda ta fara aiki a 1981. Saboda haka shawarar sayen wuta, a ranar da aka yanke ta, shawara ce ta hankali.

Kuskuren ya zo ne daga baya, sa'ad da abin da aka ɗauka a matsayin rukhsa ta ɗan lokaci ya zama shi ne asalin hukunci. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali ya ƙuntata, masu ba da bashi suka gindaya sharuɗɗan tsuke bakin aljihu, sai ya zama bincike da horar da ma'aikata suna cikin abubuwan farko da aka yi wa ƙwauro, tun da babu wanda ke fita zanga-zanga saboda an rufe ɗakin gwaji. Araha ta wutar aro ta sa duk wani shiri na gina abin kai ya zama kamar almubazzaranci a idon mai lissafin shekara guda. Madatsar Kandaji, wadda Nijar ta ƙudiri ginawa a kan kogin Kwara, ita ce shaida mafi bayyana: tun shekarun 1970 ake zancenta, Shugaba Tanja ya aza harsashinta a 2008, aka soke kwangilar kamfanin Rasha da ya fara aikin a 2013, kamfanin Gezhouba na Sin ya ɗauka a 2019, aikin ya sake tsayawa bayan juyin mulkin 2023 da kuɗin waje suka yanke, megawat 130 ɗin da aka yi alkawari, da dubban kadada na noman rani, suka ci gaba da zama a takarda, alhali an riga an fara tayar da mutanen gaɓar kogin daga gidajen kakanninsu. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma a nan aron iri biyu ne, na wuta da na kuɗi.

A cikin waɗannan shekaru ne duniya ta juya. Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantin sola ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100, galibi saboda yawan abin da masana'antun Sin suke fitarwa, har wutar rana ta zama daga cikin mafi araha ga duk ƙasar da take da fili da haske. Nijar ta motsa, ko da yake a makare. An yi sabuwar dokar lantarki a 2016 wadda ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa su samar da wuta, an kafa hukumar sa ido a kan fannin da wata ta kai wuta karkara, an ɗauke haraji daga wasu kayan sola, Bankin Duniya kuma ya kawo shirin NESAP na kai wutar rana ga jama'a, daga baya ya biyo da wanda aka raɗa wa suna Haske. A 2018 aka buɗe tashar Malbaza mai megawat 7 da bashin Indiya. Sai kuma ta Goru Banda a bayan Yamai, mai megawat 30 da faranti fiye da 55,000, wadda Faransa da Tarayyar Turai suka ɗauki mafi yawan kuɗinta, aka yi bikin buɗe ta ranar 5 ga Yuli 2023.

Labarin wannan tasha ya isa hujja ga dukan abin da nake son tabbatarwa. Mako uku bayan bikin aka yi juyin mulki, yawancin ƙwararrun baƙi suka fice, tashar da aka gama ginawa ta zauna ba ta ba da wuta ba a daidai watannin da birnin ya fi buƙatarta, sai a watan Nuwamba aka samu aka kunna ta da taimakon 'yan ma'aikatan da suka rage. Ga faranti, ga rana tana dukansu tun hantsi har la'asar, ga jama'a cikin duhu, abin da ya yi ƙaranci kawai shi ne hannun da ya san aikin. Da a ce zuriyar ɗaliban Abdu Mumuni ta ci gaba da yaɗuwa ba yankewa shekara arba'in, da wuya a ce watannin nan sun salwanta haka.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanya sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su, kamar saƙa da ƙira da likitanci, a babin farilla ta kifaya, wadda idan wasu suka tsaya da ita an ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya bari to laifin ya hau kan al'umma duka. Kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nasihar da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina a kan usulubin mulki, ya lissafa kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba. A ganina, sanin haɗa wutar rana da gyaranta ya shiga wannan babi a yau ba tare da wani tawili mai nisa ba. Domin kuwa na'urar nan, duk da sauƙinta a ido, tana da sharuɗɗa a ƙasa irin tamu. Zafi yana rage ƙarfin faranti, ta yadda a watan Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke haura digiri 40 kuma kowa ke neman fanka, a lokacin ne farantin ke ba da ƙasa da abin da aka rubuta a jikinsa. Ƙurar hunturu tana lulluɓe shi, sai an wanke, ruwan wankin kuma a Sahel ba kyauta ba ne. Mafi girma duka, buƙatar gidaje tana kai ƙololuwa ne bayan magariba, sa'ad da rana ta riga ta faɗi, don haka tashar da ba ta da ma'ajiyar batir tana rage ƙona mai da rana ne kawai, da dare kuwa sai a koma ga injunan dizal da ke nan Goru Banda tun 2017, ko ga layin Birnin Kabi.

Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa darasin 2023 shi ne Nijar ta yanke hulɗar wuta da maƙwabta ba. Wutar rana ta fi kowace irin wuta buƙatar abokin musaya: ruwan madatsa ana iya tsare shi da rana a sake shi da dare, saboda haka hasken Nijar da ruwan Kainji ko na Kandaji abokan juna ne bisa ɗabi'a, kuma babban layin da ake ja daga Birnin Kabi ta Yamai zuwa Wagadugu, da reshe zuwa Benin, zai iya ɗaukar wuta ta kowace fuska. Aibin da ke cikin tsohon tsari shi ne ɗaya yana bayarwa kullum ɗaya yana karɓa kullum. Wanda ya zo kasuwa da abin sayarwa a hannunsa, ba a rufe masa ƙofa da sauƙi irin yadda ake rufe wa wanda ya zo saye kaɗai.

Sai dai duk wannan zance na manyan tashoshi da layuka ya shafi 'yan tsiraru ne, domin wajen mutum ɗaya cikin biyar ne kawai yake da lantarki a Nijar, a karkara kuwa, inda mafi yawan jama'a suke, abin bai kai haka ba ko kusa. Ƙasa ce mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ƙauyukanta a warwatse, kuma jan waya zuwa kowanne aiki ne da zai ci zamani. A nan ne bunƙasar gaskiya take faruwa, ba tare da biki ba: mai shagon cajin waya, da ɗakin shan magani mai firjin allurar rigakafi, da rijiyar burtsatse mai famfon sola, da manomin albasa a ƙasar Tawa ko mai lambu a duwatsun Abzin wanda ya gane cewa famfon da ba ya shan mai, ko da ya yi tsada ranar saye, yana mayar da kuɗinsa. Takunkumin 2023 ya ƙara wa wannan kasuwa wuta a birane ma. Manoman Maraɗi da Damagaram sun riga sun nuna abin da talaka zai iya idan ya tabbata amfanin nasa ne, lokacin da suka raya gawo da sauran itatuwa a gonakinsu a fili mai kimanin kadada miliyan 5, bayan da aka sassauta riƙon da jami'an gandun daji suke yi wa itacen gona.

Abin da wannan kasuwa take nema daga hukuma ba shi da ƙyalli, shi ya sa ake mantawa da shi. Tana neman hisba a ma'anarta ta asali, wato tsaron mudu da sikeli, domin faranti da batir na jabu, waɗanda aka rubuta musu ƙarfin da ba su da shi, suna cinye jarin talaka, kuma mutumin da aka cuta sau ɗaya yakan hana ƙauye guda saye. Tana neman bashi na sefa mai sauƙin biya wanda ya dace da lokacin girbi, tun da cikas ɗin manomi shi ne kuɗin farko. Tana neman makaniki a kowace kasuwar mako, wanda ya yi karatun abin a makarantar sana'a, yana da kayan gyara a kusa, ba sai an jira wani daga Yamai ba. Akwai kuma mas'alar matattun batura masu dalma, waɗanda ake fasawa a bayan gida yara suna wasa kusa, wadda tun yanzu ya kamata a yi mata doka kafin yawansu ya fi ƙarfin tsari. Ga masu zuba jari a manyan tashoshi kuwa, sharaɗinsu guda ne, su tabbata NIGELEC za ta iya biyan abin da ta saya shekara ashirin, wannan kuwa ba zai yiwu ba matuƙar ma'aikatun gwamnati da kansu suna jinkirta biyan kuɗin wuta.

Hukumomi sun ɗauki alkawarin kai lantarki ga kashi 80 cikin 100 na jama'a kafin 2035. Wanda yake son ya san ko da gaske ake, ya duba sharuɗɗan kwangilar tasha ta gaba: injiniyoyi nawa 'yan ƙasa aka wajabta wa kamfanin ya horar tun ranar aza harsashi, a hannun wa za a bar takardun na'urar da makullan kwamfutarta, kuma kashi nawa na kuɗin aikin aka keɓe wa jami'ar Yamai da makarantun sana'a na Maraɗi da Damagaram da Agadas.