Bijimin Bogi Da Kan Burtu

Yau tarihin ɗaukar hoton tsuntsaye za mu taɓa.

A 1892 wasu 'yan'uwa biyu a Ingila, Richard da Cherry Kearton, suka ɗauki hoton sheƙar tsuntsu da ƙwai a ciki. A 1895 suka fitar da littafi cike da irin waɗannan hotuna. Kyamararsu katuwa ce, ga nauyi, tsuntsu kuwa ba ya jiran kowa. Sai suka sa aka ɗinka musu bijimin bogi da fatar sa, mutum ya shige ciki ya laɓe. Wata rana ma ya kife da ɗayansu a ciki!

To mu wannan dabara ba baƙuwa ba ce. Maharban ƙasar Hausa sun daɗe suna ɗaura kan burtu a goshi, su duƙa suna tafiyarsa har su kusanci nama.

Don haka ɗan'uwa, kafin ka ci bashin kyamara, koyi laɓewa. Fita da sassafe, rana a bayanka, zauna shiru, kada ka taɓa sheƙa. Tsuntsun da ya manta kana wurin, shi ke ba da hoto.