Yadda Ƙoƙon Gwiwa Ke Nuna Namiji Ne Ko Mace

A kara na tashi. Tun ina yaro na ga Baba yana buɗe bakin sa, ya duba haƙora, ya faɗi shekarunsa. Ashe masana binciken gawa ma haka suke karanta ƙashin ɗan Adam.

Mu da ke zirga-zirga tsakanin Arewa da Kudu mun san gobarar tanka kan bar gawa ba a gane ta. Tambayar farko: namiji ne ko mace? Ƙashin ƙugu ya fi ba da amsa, amma idan ya farfashe, akan koma ga ƙananan ƙasusuwa irin ƙoƙon gwiwa, wanda yake dunƙulalle mai tauri.

Abu uku ake aunawa: tsawo, faɗi da kauri. Tsawonsa wajen santimita 4 ne, na namiji yakan ɗara na mace da 'yan milimita. Sai a saka awon cikin lissafin da aka fitar daga ƙasusuwan mutanen da aka san jinsinsu.

A Italiya, binciken Introna na 1998 ya dace da kusan kashi 83 cikin 100. A Afirka ta Kudu, Dayal da Bidmos sun samu kashi 85 a 2005.

Sai dai fa lissafin wata al'umma ba lallai ya yi wa wata daidai ba, kuma ba ya aiki kan yaran da ba su balaga ba. Amfaninsa rage yawan waɗanda ake nema. Tabbatar da ko wane ne, wannan sai gwajin DNA da 'yan uwa.