Sulhu

sulhù, sn., nmj., ba jam'i, asali: Larabci.

1. Daidaita masu husuma ba tare da zuwa gaban alƙali ba. Mis.: an yi ~ tsakanin dillali da mai kaya a kasuwar Sabon Gari.

2. (shari'a) Hanyar warware rikicin ciniki wadda ɓangarori, tun a takardar yarjejeniyarsu, suke zaɓen masu yanke hukunci da garin da za a zauna, hukuncin kuma ya hau kansu dole. A Nijeriya dokar sulhu ta 2023 ta maye gurbin ta 1988.

3. ~n ƙasa da ƙasa: irin na 2, idan ɓangarorin ba ƙasarsu ɗaya ba. Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Nijeriya ta shiga a 1970, ita ke sa kotunan waje su zartar da hukuncin. Ba kasafai ake soke shi ba, amma a 2023 kotun Landan ta soke na kamfanin P&ID a kan Nijeriya, kimanin dala biliyan 11, saboda cin hanci.

lauyàn ~: lauyan da ya ƙware a 3.

Dangi: sulhùntā, fi'ili; mài ~, jm. mā̀su ~.