Tsohon Inji, Sabon Ƙarfi: Daga Fijo 504 Zuwa Golf a Hanyar Kankiya

Duk wanda ya tashi a Fakuwa, ko Kafin Soli, ko ƙauyukan Kusada a shekarun 1980, ya san kukan Fijo tun kafin ya iya karanta sunanta. Daga nesa muke bambanta a-kori-kurar da ta ɗauko buhunan gero da wadda ta dawo wayam. Mun kuma sha jin direba ya tsaya gaban bakanike yana cewa, "Injiniya, motar nan ba ta ja, a ƙara mata ƙarfi." Wannan roƙo yana da tarihi, kuma abin da ake nufi da shi ya sha canzawa.

A Faransa aka fito da Fijo 504 a 1968, ta kuma lashe kambin motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa ta a gida. Daga birnin Liyon ake ɗauko kayan haɗin a jirgin sama, a sauke a Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Daga nan ta bazu. Ita ce motar ma'aikacin gwamnati da ta ɗan kasuwa, mai dogon baya tana lodin fasinja a tasha, a-kori-kura kuma tana shiga ƙauye ranar kasuwa. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ba ta daina ba sai tsakiyar shekarun 2000.

Injinta ne ya sa kanikawanmu suka ƙaunace ta. Silinda huɗu gare shi, girmansa kusan lita 2, ƙarfinsa tsakanin doki 90 da 100. Babu kwamfuta a jikinsa. Kafireta ce ke haɗa iska da fetur, distributa ta raba wuta ga fulogi. Hatta bututun da fistin ke kai-komo a ciki ana iya zare shi a sa sabo, don haka inji ɗaya sai a sabunta shi sau da dama. Bakanike mai sifana da sukudireba da kunne mai kyau zai iya kwance shi a gindin bishiyar darbejiya, ya mayar da komai inda yake.

A shekarar da aka buɗe kamfanin Kaduna, 504 ta nuna abin da wannan inji zai iya idan aka taɓa shi da ilimi. Ove Andersson ya ci tseren Safari na ƙasar Kenya da ita a 1975, Hannu Mikkola kuma ya ci na Maroko. Sai dai injiniyoyin da suka shirya motocin ba inji kaɗai suka gyara ba. Sun ƙarfafa birki da shokozoba da hanyar sanyaya inji, suka kuma rufe ƙarƙashin motar don kada dutse ya fasa ta. Duk ƙarfin da suka ƙara, sai da suka tanadi abin da zai riƙe shi.

Mu a nan ba tsere ne ya kai mu gareji ba, lodi ne. Hanyar Kano zuwa Katsina, wadda ta bi ta Bichi da Tsanyawa da Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya da Charanchi, kwalta ce miƙaƙƙiya. Da an sauka daga kanta kuwa, sai burji da yashi, da damina kuma taɓo. Abin da direban ƙauye ke nema shi ne motar da za ta fita daga rairayi da buhu goma sha da mutane a kai.

Sannan 1986 ta zo. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, balle direban haya. Dole tsohuwa ta ci gaba da aiki. Daga nan ne kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka zama wurin zuwan kowane mai mota, kanikanci kuma ya koma sana'ar raya abin da ya kamata a ce ya yi ritaya.

Me suke yi idan an ce a ƙara ƙarfi? Mafi yawan lokaci dawo da wanda ya ɓace suke yi. Tsohon inji yana rasa matsi, domin ringi ya cinye, bawul kuma ba ya rufewa ruf. A sa sabon ringi, a goge bawul, a saita tazararsa, a canja fulogi da kwantak, a wanke kafireta, sai ka ji mota ta farfaɗo. Inji yana son iska kusan kashi 15 ga kowane kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. A ƙasar harmatan, matatar iska da ƙura ta toshe kaɗai ta isa ta kashe wa mota jiki.

Bayan wannan sai dabarun da ke da riba da hasara. Akan kai kan inji, wato top silinda, wurin masu injin yankan ƙarfe a shafe shi kaɗan don matsi ya ƙaru. Idan aka zarce, sai inji ya riƙa ƙwanƙwasa, ya yi zafi, gasket ya ƙone. Akan juya distributa don wuta ta riƙa zuwa da wuri. Kaɗan yana sa mota ta amsa totur, da yawa kuma yana iya huda fistin. Akan faɗaɗa ƙofar mai a kafireta, mota ta ɗan ƙara ja, amma ta zama mashayiya, baƙin mai ya tsinke. Wasu kan fasa salansa, su ɗauki ƙara a matsayin ƙarfi. Nan ne garin neman ƙiba ake samo rama.

Abin da muka fi sakaci da shi shi ne tsayawa. An ƙara wa a-kori-kura sufurin don ta ɗauki ninkin kayanta, an ƙara wa inji kuzari, amma birki yana nan yadda kamfani ya yi shi, taya kuma ta hannu ce. Lissafin ba ya sassauci: idan gudu ya ninka sau 2, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya tana ninkawa sau 4. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 1988, amma jami'i ba ya cikin gareji lokacin da mai mota ke cewa a bar birkin sai wani mako. Kaɗan ne daga cikinmu ba su taɓa zuwa ta'aziyyar wanda hanya ta ci ba.

Daga shekarun 1990 motocin Kwatano suka shigo. Sannu a hankali Golf da Sharan suka karɓe tasha, da injin da kwamfuta ke auna wa mai. Kunnen tsohon bakanike ya daina wadatarwa. Wasu suka koyi na'urar bincike, wasu kuma suka koma cire duk abin da ba su gane ba: a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a fasa matatar hayaƙi da muke kira indomi. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa kuwa ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 a Arewa. Direban da ke neman a ƙara wa motarsa ƙarfi ya dawo yana roƙon a rage mata sha. Maganin kuma shi ne dai wanda dattawan gareji ke yi tun zamanin 504: matsi mai kyau, iska mai tsabta, wuta a kan lokaci.

Waɗannan dattawa suna ƙarewa, kuma ba su rubuta komai ba. Yaran da ke koyon sana'a a Kankiya yau za su iya ganin yadda ake saita inji a waya, amma akwai tambayar da ya kamata su gada daga iyayen gidansu na ƙwarai. Idan direba ya ce a ƙara wa mota ƙarfi, kafin su ɗauki sifana sai su ce, "Direba, yaushe rabonka da duba birki?"