Koyar da Tarihin Gari a Makarantun Ƙasar Hausa

Tarihin gari fanni ne da ke sanar da yaro asalin garinsu: wa ya kafa shi, su wane ne suka sarauce shi, daga ina unguwanni da ƙofofi da kasuwanni suka samo sunayensu. A Arewacin Nijeriya wannan ilimi ya girmi makarantar boko nesa ba kusa ba.

Kafin zuwan Turawa

A da, yaro a bakin kakanni yake fara jin labarin garinsu, da dare bayan tatsuniya. Maroƙa da makaɗan fada su ne ke riƙe da jerin sarakuna da kirarin kowannensu, suna maimaitawa a gaban jama'a ranar hawan salla. Malamai kuwa sun adana nasu a rubuce da Larabci da ajami. Mafi shahara shi ne Tarihin Kano, wanda ya faro daga zamanin Barbushe a Dutsen Dala, ya bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya tun daga Bagauda. H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908.

Shigarsa aji

Bayan da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, sai buƙatar littattafan karatu da Hausar boko ta taso. Hukumar Fassara ta tattara tsofaffin rubuce-rubucen malamai ta mayar da su Hausa, aka buga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu cikin juzu'i biyu a 1932 da 1933. Ta nan ɗaliban elementare da midil suka fara karanta labarin garuruwansu a littafi.

A shekarun 1950 'yan ƙasa suka karɓi alƙalamin. Wazirin Sakkwato Junaidu ya rubuta Tarihin Fulani, Alhaji Abubakar Dokaji kuma ya fitar da Kano ta Dabo Cigari a 1958. Muhimmancin waɗannan littattafai shi ne masu gari ne suka ba da labarin garinsu, da harshen da yaro ke ji a gida.

Ja da baya da farfaɗowa

Bayan taron manhajar karatu na ƙasa na 1969 da tsarin ilimi na 1977, darasin zamantakewa ya haɗiye tarihi a firamare. Darasin yana farawa da iyali, ya wuce unguwa da gari, amma rabon da tarihi ke samu a cikinsa kaɗan ne. Wajen 2009 aka cire tarihi daga manhajar matakin farko. Masana sun yi ta kokawa, har Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi a Nuwamban 2022, tare da shirin horar da malamai.

Hanyoyin koyarwa

A yau malamai kan kai ɗalibai Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata a Kano, ko hasumiyar Gobarau a Katsina, ko rijiyar Kusugu a Daura. Wasu kan tura yara su tambayi dattawan unguwa su rubuto abin da suka ji. Wannan aiki na gaggawa ne, domin badala tana zaizayewa, dattawan da suka san labarin suna ƙarewa, kuma ƙananan garuruwa da yawa har yanzu ba su da tarihinsu a rubuce.