Shaihu Umar da Sangaya a Tarihin Kallo na Ƙasar Roni

Tun kafin a san gidan kallo a masarautar Kazaure, abin da mutanen Roni da maƙwabtansu suka fara sani na hoto mai motsi shi ne majigi, wanda motar hukuma kan kawo garuruwan hakimai a zamanin En'e, a kafa farin ƙyalle a fili bayan sallar lisha, a nuna wa talakawa noman auduga da tsabtar gida. Sinima kuwa, wadda Kano ta samu tun 1937 da aka buɗe Rex, malamai sun ɗauke ta matattarar ashararai, saboda haka mai mutunci daga karkara, ko fatauci ya kai shi birni, bai cika kusantar ƙofarta ba.

A cikin wannan hali Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar a 1976, bisa littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma da yake a faifan sinima aka ɗauke shi, yawancinmu a aji muka san ƙissar, ba a majigi ba. Sai da kaset ya zo, bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sannan fim ɗin Hausa ya shiga ƙauyuka, inda mai janareta kan shimfiɗa tabarmi a zaure, ya ɗora talabijin bisa tebur, yara su biya kuɗin shiga. Ta wannan hanya Sangaya, wanda kamfanin Sarauniya ya fitar a 1999, ya game ƙasa, har waƙarsa ta zama abin rerawar 'yan mata a dandali da wajen daka.

Shaihu Umar da Sangaya duka suna magana ne a kan wanda duniya ta ƙasƙantar. A Sangaya, Zubaina mai aikin fada, wadda Fati Muhammad ta fito a matsayinta, ta sha wulaƙanci har Allah ya haɗa ta da ɗan sarki, wanda Ali Nuhu ya fito a matsayinsa; kuma lalle ba a raina gwanintar da aka nuna wajen ado da kiɗa, domin ita ce ta tabbatar wa 'yan kasuwa cewa sana'ar fim za ta ci da mai ita.

Amma ni Shaihu Umar na fi ƙauna, domin bai yi wa tarihinmu kwaskwarima ba. Ya nuna harin bayi da makircin fadawa da ya kori Makau, mijin mahaifiyar Umar, daga Kagara, ya nuna yaron, wato Umar, da aka sace aka ƙetare Sahara da shi zuwa ƙasar Larabawa, inda ilimi, ba aure ba, ya ɗaukaka shi har ya zama shaihi. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne mahaifiyarsa, wadda ta bar gida neman ɗanta, ita ma ta faɗa hannun masu bauta, kuma da ƙaddara ta haɗa su bayan shekaru, ba ta daɗe ba ajali ya riske ta.

An gano faifan fim ɗin a 2016, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a Berlin a 2018, kuma a ganina hakki ne a kan hukumomin ilimi na Jigawa su kai shi makarantun Roni da Kazaure.